Takardar da Maman Nicholas Ta Rataya

Tsawar da ta faɗi a Kafanchan ranar Talata da la'asar ba ta ƙone ko bukka ba, amma ta kusa kashe Scholastica Meshak a zaune. Tana tsakiyar buga waƙa ta goma sha tara a kwamfutarta, a ɗan shagonta da ke bayan tashar jirgin ƙasa, sai sama ta tsage, wuta ta ɗauke, fuskar na'urar ta yi baƙi ƙirin. Da wutar ta dawo ta kunna, abar ta yi ɗan gurnaninta na kullum, ta nuna wasu fararen rubuce-rubuce, daga nan ta cije. Ta kashe ta kunna ya fi sau goma. Ta shafa mata kai, ta yi mata alamar gicciye, har ta zage ta da yaren Kagoma, duk a banza.

Da aikin wani ɗan makaranta ne da ta ba shi haƙuri ta tafi gida. To wannan ba irinsa ba ne. Ranar Asabar mai zuwa, a wannan watan Agusta na 1999, Zumuntar Mata ta dukan yankin za ta taru a Kagoma, kuma ita aka ba aikin buga ɗan littafin waƙoƙin taron. Waƙa ashirin ce, ta ashirin ɗin kuwa, wadda ba ta kai ga bugawa ba, ta mahaifiyarta ce. Tsohuwar ta haɗa ta ne a gonar citta, shekara uku mata na rerawa a coci ba wanda ya damu da mai ita, sai bana shugabannin zumunta suka ce a sa ta a littafi, a rubuta sunan mai waƙar a ƙasa. Matar da kowa ke kira Maman Nicholas, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, za a buga sunanta na baftisma a takarda. Tun da aka gaya mata, duk ranar kasuwa sai ta aiko a tambaya ko an kai kan tata.

Washegari da sassafe Scholastica ta aika aka kira Malam Mahfuz. Shi ne mai gyaran rediyon da ke bakin kasuwa, wanda ya je Kaduna ya yi shekara guda ya dawo da ilimin kwamfuta da tabarau. Mutum ne da gaggawa ba ta san gidansu ba. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya sa wani ɗan faifansa, ya dinga ƙwanƙwasa madannai yana gyaɗa kai, ita kuwa tana tsaye a kansa tana murza yatsu.

"Madam Sikola, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Waƙoƙinki suna nan, ba abin da ya taɓa su, yanzu zan kwashe miki su a ƙananan faifai. Windows ɗin ce ɗaukewar wutar ta raunata. Sai an goge an sake zubawa."

"To goge mana, Malam Mahfuz! Ga babban faifan nan da ta zo da shi."

"Faifai kam na gani. Ina lambar lasisi?"

Ta dube shi, ya dube ta ta saman tabarau. Ya yi mata bayani a tsanake, cewa in aka kai tsakiyar zubawa na'urar za ta tsaya ta nemi lambarta, haruffa da lambobi ashirin da biyar, kuma ba za ta matsa ko taki ɗaya ba sai an ba ta. Ya ce kwamfuta takan ajiye lambar a cikinta, ya kuma shiga ya nemo wurin, amma wurin ne daidai inda ɓarnar ta faɗa. Guda biyar na farko kawai ya iya karantawa, sauran duk sun dagule. Ya rubuta mata biyar ɗin a bayan wata ambulan.

"Sa taka mana, ai kana da ita."

"Tawa ta wani irin faifai ce, wannan ba zai karɓe ta ba. Kowace na'ura da tata, Madam. Na taɓa yin gaggawa a Kachia, na goge ta wani bawan Allah kafin in tambaye shi lamba. Wata biyu tana zaune an lulluɓe ta da zani, ni kuma in na hango shi a kasuwa sai in canza layi. Daga ranar na rantse ba na goge komai sai na ga lamba da idona. Tana jikin murfin littafin da ya zo cikin kwali, wata takarda mai ado da ƙyalli. Ki kawo mini ita kanta, kada ki kwafo, hannu yakan yi kuskure."

Scholastica ta birkice shagon kaf. Ta zazzage durowa, ta ɗaga tabarma, ta fito da takardun da ita kanta ta manta da su, har ta gano ɗan kunnen da ya ɓace mata tun bara, amma babu littafi babu dalilinsa. Tana durƙushe a ƙasa ne abin ya faɗo mata. Ai ba a shagon nan aka buɗe kwalin ba! Yayanta Nicholas ne ya kawo na'urar daga Legas lokacin Kirsimeti, a tsakar gidansu na Kagoma aka fasa kwalin, rabin unguwa na leƙe, ana guɗa. Ita da murna ta rufe wa ido ta kwashi na'urar da wayoyinta da faifan ta yi gaba, ta bar kwalin da duk abin da ya rage a ciki.

Ta bar Malam Mahfuz yana kwashe waƙoƙi, ta tare ɗan acaɓa, ta nufi Kagoma. Hanyar ta sha ruwa, sau biyu tana sauka ta taka da ƙafa shi ya tura babur. Hagu da dama gonakin citta sun yi kore shar, doya ta hau sanduna, amma ita ba ta ga ko ɗaya ba. Lissafin kwanaki take yi: yau Laraba, gobe Alhamis, in ba a buga ranar Juma'a ba, shi ke nan, za a rera waƙar a ka kamar kullum, sunan kuma ya koma inda ya fito.

Ta tarar da uwar a madafa tana tuƙa tuwo. Da Hausa suke magana a gidan, don a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi aka haifi yaran, kuma Hausar Maman Nicholas irin ta coci ce da kasuwa, ba ruwanta da namiji ko mace.

"A'a! Wa nake gani? Sikola ne? Ashe kin san hanyan gida. Tun Kirsimeti ƙafanki bai taka nan ba. An kai kan nawa?"

"Saura kaɗan, Mama. Ina kwalin kwamfutar nan?"

"Yana bayan rumbu. Ki bi a hankali, akwai mai gida a ciki."

Mai gidan wata jar kaza ce da ke kwance a kan ƙwai tara, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta tashi ba. Scholastica ta sha tsattsaga biyu a bayan hannu kafin ta tabbatar babu komai a ƙarƙashinta sai ciyawa da farin soson da aka tallafe na'urar da shi. Ta dawo madafa tana yarfe hannu, ta tambayi littafin. Uwar ta nuna saman katanga da muciya. Yana nan kuwa, ya sha hayaƙi ya yi ja, kusan rabinsa ya tafi wajen ƙunshe daddawa. Scholastica ta juya shi gaba, ta juya shi baya. An yanke murfin tas da reza, yanka mai kyau irin na wanda ya natsu.

"Mama, ina murfin?"

"Wane murfi?"

"Na littafin nan. Mai ƙyalli."

Maman Nicholas ta mai da hankalinta kan tukunya, ta shiga tuƙi da ƙarfi ga tuwon da ya riga ya nuna. Ta ce yara suna shigowa gidan nan da yawa, ta ce ita tsufa ya fara cin kanta, ta ce Sikola ta wanke hannu ta ci abinci tukuna. Scholastica ta zauna a kan turmi da guntun littafin a cinya. Ba ta iya gaya wa tsohuwar abin da ke faruwa ba. Sai ta ji haushin kanta da ta yi wata takwas ba ta tuna da littafin ba sai yau.

Ana cikin haka sai ga matan zumunta sun fara shigowa gwajin waƙa, wata da tulu, wata da ganga, wata da kacau-kacau a cikin jaka. A gidan Maman Nicholas falo ba wurin zama ba ne. A kulle yake shekara da shekaru, makullin na ɗaure a bakin zaninta, ba a buɗe shi sai ga Fadan cocinsu, ko masu neman aure, ko matan zumunta. Yau kam da ta zo buɗewa sai da ta daɗe tana kokawa da ƙullin zanin, tana satar kallon 'yarta.

"Ga mai satifiket da kanta!" in ji Maman Jonathan, shugabar matan, wata doguwa mai murya kamar ta maza. Ta kamo hannun Scholastica ta ja ta ciki. "Mun gani, 'yarmu, mun gode wa Ubangiji. Na sauran duk ba ya ƙyalli, naki ne kawai. An ce daga Turai aka aiko."

Scholastica ta san bangon falon nan kamar tafin hannunta. A sama akwai takardar yabon da aka ba mahaifinsu, marigayi Meshak, ta shekara talatin a aikin jirgi. A ƙasa ta digirin Nicholas, sai ta koyarwa ta ƙaninta Celestine. A tsakaninsu akwai ƙusa guda da uban ya kafa da hannunsa ranar da ta shiga sakandare. Tana aji huɗu ciwo ya kwantar da shi, ta bar makaranta ta yi shekara biyu tana jinyarsa, ba ta koma ba. Buga tafireta ma a tsohuwar na'urar katikis, malamin cocinsu, ta koya, ba wanda ya ba ta ko guntun takarda. Shekara goma sha biyu ƙusar nan tana tsaye ba komai a kanta, shi ya sa ko an buɗe falon ba ta son ɗaga ido.

Yau ta ɗaga. A kan ƙusar akwai firam sabo fil mai ruwan zinariya, ya fi na Nicholas girma. A cikin gilashin, an shimfiɗa shi a kan farin kwali, ga murfin littafin nan da adonsa da zaren ƙyallinsa, ga layin haruffa biyar-biyar har sahu biyar. Ta zaro ambulan daga jaka, ta haɗa. Biyar ɗin farko sun yi daidai.

Ihun da ta yi sai da kazar bayan rumbu ta amsa. Ta rungume Maman Jonathan, ta rungume mai ganga, tana dariya hawaye na zuba. Matan ba su san dalili ba, ba su kuma tsaya tambaya ba, mai tulu ta buga, guɗa ta tashi, aka shiga rawa a tsakiyar falo. Mutum ɗaya ce ba ta shiga ba. Maman Nicholas ta sulale ta koma madafa.

Can Scholastica ta same ta tana kwashe tuwo. Ta tsuguna kusa da ita, ta gaya mata komai, tsawar da lambar da rantsuwar Malam Mahfuz. Sannan ta sassauta murya.

"Mama, takardar nan fa ba tawa ba ce. Ta na'urar ce. Babu sunana a kai."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ban iya karatu ba, amma ba makauniya ba ne ni. Na san kamannin sunanki, yana farawa da wannan abu mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Na duba gaba, na duba baya, babu shi." Ta ajiye mara, ta goge hannu a zani. "Ranan da aka kunna abin nan a tsakar gida, Nicholas mai digiri ya tsaya yana kallo, Celestine ticha ya tsaya yana kallo, ke kika zauna kika sa shi ya yi magana. Na ce, wannan yarinya ya iya abin da ba wanda ya iya a gidan nan, kuma ƙusanta yana nan babu komai saboda ta tsaya ta riƙe babanta. Makaranta bai ba ki takarda ba. To ni na ga takarda mai kyau, na kai wa mai hoto a Kafanchan ya sa a gilashi. Ban ce wa kowa naki ne ba. Na rataya kawai, su suka faɗa."

"Ba ki kuma gyara musu ba."

"Ina ruwana da gyara? Ni ticha ne?"

Scholastica ta yi dariya har ta zame daga tsugunon ta zauna a ƙasa, sannan ta kifa kai a gwiwar uwar ta yi kukan da ta daɗe tana bin kanta. Daɗi ne ya yi mata yawa. Tsohuwar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce tuwo na hucewa.

Rigima ta tashi ne da aka zo maganar tafiya da takardar. Scholastica ta ce a buɗe bayan firam ɗin a zare ta, gobe a dawo da ita. Maman Nicholas ta ce ba mai taɓa ƙusoshin bayan nan, mai hoto ya manne su da kyau. Ta ce to a ba ta firam ɗin gaba ɗaya. Uwar ta ce yarinyar da ta bar kwali wata takwas a hannun kaza ba za a ba ta gilashi a kan babur ba. Da safiyar Alhamis, mutanen da ke bakin hanyar Kagoma suka ga babura biyu sun wuce, a na gaba ga Maman Nicholas cikin zanin zumunta da ɗankwalinsa, ta rungume wani abu mai faɗi da aka naɗe da zani biyu, tana yi wa ɗan acaɓa faɗa a kan kowane rami.

Malam Mahfuz na zaune a ƙofar shago yana jiransu. Da aka kwance zanin ya ga firam mai ruwan zinariya, sai ya dubi tsohuwar, ya dubi 'yar. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Mama, sannu da hanya. Shekarata huɗu ina wannan aiki. Na ga wadda ɓera ya ci, na ga wadda aka goge mai da ita. Ban taɓa ganin wanda ya adana takardar nan kamar ke ba."

"Ka ji ko, Sikola?" in ji Maman Nicholas. "Ɗana, ka karanta ta gilashi. Kada ka sa yatsa."

Sai da ya karanta lambar sau biyu, ya rubuta, ya sa Scholastica ta karanta masa yana bi, sannan ya yarda ya goge na'urar. Zubawar ta ɗauki lokaci. Maman Nicholas ta zauna a kujerar kwastoma da firam a cinya, tana kallon wani shuɗin layi yana tafiya kamar hawainiya, tana tambaya ko abin yana jin yunwa ne. Da na'urar ta tsaya ta nemi lambarta, tsohuwar ta miƙe ta ɗaga firam ɗin daidai fuskar Malam Mahfuz, ta riƙe shi ƙam. Yana kira ɗaya-ɗaya, Scholastica na dannawa. A haka har aka kai na ashirin da huɗu. Ta danna na ƙarshe. Na'urar ta ɗan yi tunani, sannan ta wuce gaba abinta.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Mahfuz.

"Yabo ga Yesu!" in ji Maman Nicholas, ta saki guɗar da ta sa mai sayar da rake a tasha ya leƙo.

Kafin azahar waƙoƙi goma sha tara sun koma mazauninsu, Malam Mahfuz ya haɗa firinta ya tafi masallaci. Scholastica ta gyara zama ta ce, "Mama, saura taki. Rera mini a hankali." Tsohuwar da ke iya cika coci da murya sai ga ta tana jin kunya. Ta yi gyaran murya sau biyu, ta dubi ƙofa, sannan ta fara can ƙasa-ƙasa:

"Na binne citta da hannu ɗaya,
Uba ya mayar mini da kwando.
Ku zo, mata, ku taya ni ɗauka."

Baiti shida ne, Scholastica ta buga su duka, ta sauko ƙasa ta ƙara layi ɗaya. Firinta ta yi ta ƙara tana kai da komo, takarda ta fito da ɗuminta. Maman Nicholas ta goge hannuwanta biyu a zani kafin ta karɓa.

"Ina yake?"

Scholastica ta kama yatsan uwar ta ɗora a layin ƙarshe, ta bi da shi a hankali tana karantawa: "Philomena Meshak."

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Rabon da a kira ta da sunan nan tun mijinta na da rai.

"Wannan na farkon, mai kamar ludayi a tsaye, nawa ne?"

"Naki ne, Mama."

"To na gane shi. Duk inda na gan shi yanzu na san shi." Ta share ido da bakin ɗankwali, ta miƙe, ta naɗe firam ɗin da zaninsa biyu, ta ɗora sabuwar takardar a kai. "Ki buga na taro. Wannan ɗaya nawa ne. Mai hoto yana nan bayan kasuwa ko?"

"Mama, ai babu sauran ƙusa a bangon."

"Hama na babanki yana ƙarƙashin gado," in ji Philomena Meshak. "Ranan Asabar in kin zo, ke za ki kafa mini, kusa da naki."